Alli da Rana, Ƙaho da Dare: Shekara Biyu a Gambiya

Edita ya aiko mana da saƙo har sau uku cewa mu rubuta labarin zamanmu a ƙasar waje. Mun yi ta jan ƙafa, domin akwai wuraren da labarin bai yi mana kyau ba. Amma tun da ya nace, to, ga shi nan yadda ya faru.

Mu biyu ne. Aji ɗaya muka yi a wannan makaranta, ɗaki ɗaya muka kwana, kuma a badujalar makaranta muka fara koyon kiɗa: ɗayanmu yana busa begila, ɗayan yana dukan ƙaramar ganga ranar fareti. Daga baya mai begila ya koma ƙahon Turawa mai maɓallai uku, mai ganga kuwa ya koma gita, irin mai tsirkiya huɗu ɗin nan mai kaurin murya. Mai ƙaho ya zama malamin lissafi, mai gita ya zama malamin kimiyya.

Waɗanda suka yi aikin malanta a Nijeriya a farkon shekarun 1990 sun san yadda albashi ya koma. Tun daga 1986 darajar naira take ta zubewa, abin da malami zai karɓa ba ya kai shi tsakiyar wata. Ga kuma rikicin da ya biyo bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Wasu abokanmu sun fita waje ta hanyar shirin TAC da gwamnati ta kafa a 1987 domin aika ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da na Karibiyan da Fasifik. Mu kam kwangila muka samu kai tsaye daga wata makarantar sakandare a Gambiya, ta shekara biyu. A watan Satumba na 1993 muka sauka a filin jirgin sama na Yundum, kowa da akwati ɗaya da kayan kiɗansa.

Gambiya ƙaramar ƙasa ce ƙwarai, ba ta kai rabin Jihar Filato ta yanzu ba, kuma mutanenta a lokacin miliyan ɗaya ne da 'yan kai. Doguwa ce siririya, tana bin Kogin Gambiya dama da hagu, Senegal ta kewaye ta ko'ina sai dai ta wajen teku. Babban birnin shi ne Banjul, amma jama'a sun fi yawa a Serekunda, kuma nan aka ba mu ɗaki biyu a wani gidan haya. Aikin aji bai ba mu wuya ba, domin da Turanci ake koyarwa, kuma jarrabawar WAEC ɗin da muka sani ita suke yi, tun da Gambiya tana cikin ƙasashe biyar na hukumar tare da Nijeriya, Gana, Saliyo da Laberiya. A ɗakin malamai ma baƙi sun yi yawa, 'yan Saliyo da 'yan Gana da mu.

Abin da ya ba mu wuya shi ne bayan an tashi daga makaranta. Da an fita ƙofa Turanci ya ƙare, sai Mandinka da Wolof da Fulatanci da Jola. Mun iya abaraka, wato na gode da Mandinka, domin ta yi kama da albarka. Mun saba da domoda, wadda miyar gyaɗa ce tsaf, da benachin, wato dafa-duka. Amma da magariba sai mu zauna mu biyu muna kallon juna, ba mai shigowa hira, ba inda za mu je. Wasiƙa takan yi makonni kafin ta iso daga gida. Wanda bai taɓa zama baƙo ba yana tsammani yunwa ko zafi ne ke damun baƙo. A'a, yammacin Lahadi ne.

Kewa ce ta sa muka fito da kayan kiɗa. Wata rana mai ƙaho yana busa a hankali a bayan ɗaki, sai ga wani saurayi ya leƙo ta kan katanga da 'yar ganga a hammata. Tama suke kiranta, ƙanwar kalangu ce, ana matsa ta a hammata a sauya mata murya. Bai ce komai ba, sai ya shiga amsa wa ƙahon da ganga. Da aka gama ya yi mana bayani da guntun Turancinsa cewa suna da ƙungiyar makaɗa, kuma suna neman mai ƙaho. Ya tambaya ko na biyunmu yana taɓa wani abu. Muka nuna masa gita. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce mu zo duka. Wannan shirun nasa ba mu gane ma'anarsa ba sai bayan shekara guda.

A wani gida cikin Serekunda suke gwaji, ƙarƙashin mangwaro, da lasifika ɗaya da tsohon amfilifaya. Su biyar ne: mai tama, mai gangar sabar ta Wolof wadda ake duka da hannu ɗaya da tsinke ɗaya, mai ganguna irin na Turawa, mai waƙa da ƙaramar gita, sai wani dattijo daga Brikama mai kora. Shi ne uban ƙungiya, kuma Baba muke ce masa.

Bari mu ɗan tsaya a kan kora, domin yawancin masu karatu ba su taɓa ganinta ba. Rabin babbar ƙwarya ce aka rufe da fatar saniya, aka soka mata doguwar sanda. Tsirkiyarta 21 ce, 11 a hannun hagu, 10 a dama, an jera su layi biyu a kan jaki. A da da fata ake yin tsirkiyar, amma ta Baba zaren kamun kifi ne na roba. Mai kiɗa yana riƙe 'yan sanduna biyu da ke jikinta, yana taɓa tsirkiya da yatsu huɗu kawai, manyan yatsu biyu da manunai biyu. Da waɗannan huɗun zai riƙe gindin kiɗa, ya ɗora waƙa a kai, ya kuma yi ado, har ka rantse mutum uku ne ke kiɗa. Kuma a al'adar Mandinka ba kowa ke taɓa ta ba. Sana'ar gado ce ta jali, wato makaɗa masu riƙe tarihi da asalin gidaje, kuma akwai zuriyoyin da aka sani da ita, irin su Kuyate da Jobate da Suso da Konte. Garin Brikama ya yi suna wajen masu kora.

Mun taɓa sa wa Baba kaset ɗin Ɗan Maraya Jos. Ya saurara da kyau, ya tambaya tsirkiya nawa ce a jikin abin da mutumin ke kaɗawa. Muka ce kuntigi ne, tsirkiyarsa ɗaya. Ya ce, "'Ya'yana, kada ku yi wa tsoho wasa." Da ya tabbata gaskiya ne, sai ya ce lalle wannan mutum bakinsa ne sauran ashirin ɗin.

Su ma sun yi mana tamu dariyar. Mu 'yan badujala ne, mun saba da ƙirgen fareti, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ƙafar hagu a kan ɗaya. Kiɗansu kuwa, musamman mbalak irin na Senegal wanda Youssou N'Dour ya kai ko'ina a duniya, ba ya nuna maka inda ɗaya take. Mai gita ya yi mako uku yana shiga inda ba a buɗe masa ƙofa ba. Mai sabar yakan ajiye tsinke ya kama ciki don dariya. Malamin lissafi ne ya gano bakin zaren wata rana da dare: wani yana buga uku a daidai lokacin da wani ke buga biyu, kuma ba su haɗuwa sai a kan shida. Washegari ya shiga ƙaramin aji ya raba yara kashi biyu, waɗannan suna tafi a kan kowace lamba ta biyu, waɗancan a kan kowace ta uku, ya ce su faɗi inda tafin ya haɗu. Yaran da suka yi wata guda ba su gane LCM ba, ranar nan suka gane. Da ma abin yana hannunsu tun suna goye, suna ne kawai ba su san masa ba.

Wani abin dariya kuma: da Nijeriya ta ci kofin Afirka a Tunisiya a 1994 muka shiga yi musu alfahari da Super Eagles. Sai mai waƙa ya ce sata muka yi, domin tun shekarun 1960 akwai shahararriyar ƙungiyar makaɗa a Gambiya mai wannan suna, wadda daga baya ta koma Ifang Bondi. Muka bincika, ashe gaskiyarsa ce.

Abincin makaɗa a wannan yanki yana wajen 'yan yawon buɗe ido. Daga Nuwamba zuwa wajen Afrilu, lokacin da sanyi ya kama Turai, Turawa daga Ingila da Suwidin da Jamus sukan cika otal-otal na bakin teku a Bakau da Kotu da Kololi. Ƙungiyarmu ta samu wuri a ɗaya daga cikinsu, daren Jumma'a da na Asabar. Mukan fara ƙarfe takwas, ba mu komawa gida sai wajen ƙarfe biyu na dare. Abin da baƙin ke so shi ne rege irin na Bob Marley, kuma da sun ji akwai 'yan Nijeriya sai a ce a yi Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga. Baba kuwa minti goma sha biyar ake ba shi lokacin cin abinci, yana kaɗa tarihin sarakuna ana ƙarar cokula. Har yau idan muka tuna abin yakan ɓata mana rai. Shi bai taɓa yin gunaguni ba. Yakan ce kora ba ta san wanda ke saurare ba.

A ƙarshen mako akan raba kuɗi. Da aka zo maganar rabonmu tun farko, muka ce a ba mu rabin abin da kowa ke samu, tun da muna da albashi. Muna ganin kirki muka yi.

To, daɗi ya yi daɗi. Bayan Kirsimeti otal ya ƙara mana daren Talata da na Alhamis, muka amsa ba tare da wani tunani ba. Nan ne abin ya fara lalacewa. Mutumin da ya kwanta ƙarfe biyu da rabi ba zai tsaya gaban allo ƙarfe takwas da cikakken hankali ba. Muka fara ba yara aiki su kwafa domin mu samu mu zauna. Littattafan aiki suka taru ba a duba ba. Malamin kimiyya ya taɓa yin gyangyaɗi a ɗakin gwaje-gwaje alhali wuta tana ci a kan tebura, sai da wata yarinya ta taɓa shi. Mafi muni, takardun jarrabawar gwaji ta 'yan aji biyar, waɗanda za su zauna WAEC a watan Mayu, sun yi mako uku a cikin jakar ƙaho, ana zuwa otal da su ana dawowa, ba a buɗe ba.

Ashe wani ɗalibinmu yana taya yayansa sayar da kayan sassaƙa a bakin otal ɗin, ya kuwa gan mu cikin riguna masu launi muna rawa da ƙaho. Kafin Litinin labari ya gama makaranta. Idan mun juya baya muna rubutu a allo sai mu ji ana busa da baki a hankali. Wasu iyaye suka je wurin shugaban makaranta. A ganinsu, kamar yadda yake a wurare da yawa a ƙasar Hausa, kiɗa sana'ar gidan makaɗa ce, kuma malamin da ke kaɗa wa mutane suna jefa masa kuɗi ya zubar da girmansa.

Shugaban ya kira mu ofis, ya rufe ƙofa. Dattijo ne mai sanyin murya.

Ya ce, "Malamai, ina takardun 'yan aji biyar?"

Muka ce, "Yallaɓai, ana kan dubawa."

Ya ce, "Kashi nawa aka duba?"

Ba wanda ya amsa. Ya daɗe yana kallonmu, sa'an nan ya ce shi kiɗa bai dame shi ba, ya riga ya gaya wa iyaye cewa abin da malami ya yi da daren Asabar nasa ne. Amma yaran nan iyayensu gyaɗa suka sayar suka biya kuɗin jarrabawa, kuma yawancinsu ba za su samu dama ta biyu ba. Ya ba mu kwana uku mu kawo takardu. Ya ce daga ranar ba kiɗa a daren da gobensa akwai aji, kuma daga Afrilu har a gama jarrabawa ba kiɗa sam. In ba mu yarda ba, a shirye yake ya rubuta takardar sallama.

Muka yarda, da kunya kamar ƙasa ta tsage. Dare biyu muka kwana muna duba takardu da fitilar kwai. Da muka duba ne muka ga irin ɓarnar: akwai babi biyu na lissafi da kusan duk ajin bai gane ba, waɗanda da mun duba da wuri da mun gyara tun tuni. Muka buɗe darasin safiyar Asabar kyauta har zuwa jarrabawa. Wasu sun farfaɗo. Amma akwai yara biyu ko uku da suka faɗi lissafi da ɗan ƙaramin tazara, kuma ba za mu iya cewa hannunmu ba ya ciki ba.

'Yan ƙungiya ba su ji daɗi ba, domin otal ya rage kuɗin daren da babu ƙaho. Mai tama ya yi mako biyu ba ya gaishe mu.

Ana haka sai ga 22 ga Yuli, 1994. Ranar Jumma'a ce. Da safe aka fara raɗe-raɗin sojoji sun fito daga bariki sun nufi Banjul, sun tsallake Gadar Denton. Kafin dare an tabbatar: wasu ƙananan hafsoshi ƙarƙashin Laftana Yahya Jammeh, ɗan shekara 29, sun kifar da gwamnatin Sir Dawda Jawara, wanda ke riƙe da ƙasar tun samun 'yanci a 1965. Jawara ya shiga wani jirgin ruwan yaƙi na Amurka da ke tashar Banjul, aka kai shi Dakar. Ba a zubar da jini ba ranar, amma mu hankalinmu ya tashi fiye da na maƙwabta. Dalili kuwa, tun 1992 hafsoshin Nijeriya ne ke horar da sojan Gambiya, har manyan muƙamai suna hannunsu, kuma wannan yana cikin abubuwan da ƙananan sojoji ke ƙorafi a kai. Ba mu san yadda za a dubi ɗan Nijeriya a titi ba. Muka kulle ɗaki.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa. Mai tama ne, wanda ba ya gaishe mu, da ƙwaryar abinci a hannu. Ya ce Baba ya aiko shi, mu ɗauki abin da za mu iya ɗauka mu bi shi Brikama. Kwana tara muka yi a gidan Baba. Ya ba mu ɗakin babban ɗansa, ya gaya wa maƙwabta cewa mu yaransa ne na kiɗa. Ba wanda ya taɓa mu, kuma daga baya muka ga tsoron namu ya fi abin yawa. Amma a waɗannan kwanaki muka ji kora yadda take. Da dare, dokar hana fita ta tsare kowa a gida, ana dafa ataya zagaye uku a kan gawayi, Baba yakan ɗauki waƙa ɗaya ya yi awa guda a kanta, matan gida suna amsawa.

Bala'in makaɗa bai zo a Yuli ba, sai a Nuwamba. Ranar 11 ga wata aka yi harbe-harbe a barikoki, gwamnatin soja ta ce yunƙurin juyin mulki ne, aka kashe sojoji da dama. Bayan haka gwamnatin Ingila ta shawarci mutanenta kada su je Gambiya, kamfanonin yawon buɗe ido suka kwashe baƙinsu daidai lokacin da kasuwa ke buɗewa. Otal-otal suka sallami ma'aikata. Namu ya ce ba ya bukatar kiɗa sai yadda hali ya yi. Sai a 1995 aka sassauta shawarar, lokacin kuwa kakar ta riga ta tafi.

Mu ƙarshen wata albashinmu ya zo kamar kullum. Su kuwa shi ke nan. Mai ganguna ya sayar da kayansa ɗaya bayan ɗaya. Mai waƙa ya koma ƙauye.

A cikin Janairu aka kori wasu yara gida saboda kuɗin makaranta, har da wani yaro mai ƙoƙari ƙwarai a ajin kimiyya. Da malamin ya tambayi abokansa me ya faru, sai suka ce ai ubansa makaɗi ne, kuma ya fi shekara ba shi da aiki sosai. Wane kiɗa yake yi? Suka ce babbar gita. A wace ƙungiya? Yaran suka dubi juna, ba wanda ya so ya faɗa.

Da yamma muka je wurin mai tama muka tsare shi. Ya faɗi gaskiya. Ƙaho kawai suke nema ranar da ya leƙo katanga. Suna da mai gita, shekara shida yana tare da su. Amma sun ga ba za su samu ɗayanmu ba tare da ɗayan ba, ga shi kuma mun ce rabin kaso ya ishe mu. Wa zai riƙe mai cikakken kaso alhali ga na rabi? Suka sallame shi. Yaron nan shekara guda yana zaune a gaban mutumin da ya ɗauke abincin gidansu, yana ce masa "Sa", bai taɓa nuna komai ba.

Muka tambayi Baba me ya sa bai gaya mana ba. Ya ce, "Baƙo ba a fara masa da irin wannan magana. Na ɗauka za ku tambaya."

Mun biya kuɗin makarantar yaron ta hannun shugaban makaranta, muka roƙe shi kada ya faɗi daga inda ya fito, ko da yake muna zaton yaron ya sani. Muka je gidan uban. Ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka dafa ataya, bai bari mun gama ba da haƙuri ba. Daga nan mai gitarmu ya sauka, ya mayar masa da wurinsa. Abin da ya rage na kiɗa a lokacin bikin suna ne da na aure, inda ba a biya da yawa, kuma mai ƙaho ya ci gaba da zuwa ranar Asabar ba tare da karɓar kaso ba. Mutumin ya fi namu iya gita nesa ba kusa ba. Wannan ma sai da muka ji da kunnenmu.

Kwangilarmu ta ƙare a Yuli 1995. An nemi mu sabunta, muka ce gida ya kira. Gitar da muka zo da ita mun bar wa uban yaron, domin tasa ta tsage a wuya. Mulkin da muka ga farkonsa ya kai shekara 22, sai a Janairu 2017 Jammeh ya bar ƙasar bayan ya faɗi zaɓen Disamba 2016. Labarin rasuwar Baba kuwa a wasiƙa ya same mu, wasu shekaru bayan dawowarmu, kuma yaron nan ne ya rubuto.

Daren da za mu taso an taru a Brikama, mu takwas, aka ajiye rediyo mai kaset a kan turmi aka ɗauki kiɗa. Kaset ɗin yana nan wurin malamin lissafi. Ana jin kora da tama sosai, ƙaho ya yi kusa da rediyo ya yi ƙara da yawa, kuma wajen tsakiyar waƙa ta uku akwai akuya.